Kakar Ƙwallon Amurka ta 1978 a Jami'ar Florida A&M

Kakar wasa ta shekarar 1978 ita ce kakar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Florida A&M, wadda ake yi wa laƙabi da Rattlers, ta lashe kofin ƙasa na Rukuni na I-AA a ƙarƙashin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA. Ƙungiyar ta buga wasanni 13, ta ci 12, ta sha kashi a guda ɗaya. Mai horar da ita a lokacin shi ne Rudy Hubbard, wanda yake shekararsa ta biyar a kan aikin. A wasan ƙarshe, ranar 16 ga Disamba 1978, ta doke Jami'ar Massachusetts da maki 35 da 28 a garin Wichita Falls na jihar Texas.

Shekarar 1978 ce aka fara gasar wannan rukuni, don haka Florida A&M ce ta fara ɗaukar kofin. Har yanzu kuma ita kaɗai ce ta taɓa ɗaukarsa a cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata a Amurka.

Yadda ake wasan

Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta bambanta da ƙwallon ƙafar da aka sani a Afirka da Turai. Ƙwallonta mai siffar ƙwai ce, kuma da hannu aka fi sarrafa ta. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a cikin fili. Tsawon filin yadi 100 ne, kuma a kowane ƙarshensa akwai gida mai zurfin yadi 10 tare da sanduna biyu a tsaye. Yadi ɗaya bai cika mita ɗaya ba, kimanin santimita 91 ne.

Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi 10. Idan ya cika yadi goman, sai a sake ba shi wasu damar huɗu. Idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanya biyu ake matsawa gaba: ko ɗan wasa ya rungumi ƙwallo ya ruga da ita, ko kuma jagoran hari ya jefa ta gaba wani ya cafe. Masu tsaron gida kuma aikinsu su kayar da mai ɗauke da ƙwallo ko su tare jifan.

Babban ci shi ne a shigar da ƙwallo cikin gidan abokan hamayya, kuma maki shida ake samu da shi. Bayan haka ana ba da damar ƙara maki ɗaya ta hanyar buga ƙwallo tsakanin sanduna, ko maki biyu ta hanyar sake shigar da ita gidan daga kusa. Idan ƙungiya ta ga ba za ta kai gida ba, tana iya buga ƙwallon tsakanin sanduna daga nesa ta sami maki uku. Ana raba wasa kashi huɗu, kowane kashi minti 15, da hutu a tsakiya. Kakar wasan jami'o'i tana farawa ne a ƙarshen bazarar can, ta ƙare cikin hunturu.

Jami'ar da asalinta

An kafa Jami'ar Florida A&M a ranar 3 ga Oktoba 1887 a Tallahassee, babban birnin jihar Florida, a matsayin kwalejin horar da malamai ta ɗalibai baƙaƙen fata. Ta fara da ɗalibai 15 da malamai biyu. A wancan zamani dokokin jihohin kudancin Amurka sun hana baƙar fata da farar fata karatu a makaranta ɗaya. Bayan wata dokar tarayya ta 1890 wadda ta tilasta wa irin waɗannan jihohi su tanadi kwalejin noma da sana'a ga baƙaƙen fata in har suna son tallafin gwamnati, makarantar ta zama kwalejin noma da kanikanci, kuma daga nan haruffan A da M na sunanta suka samo asali. A 1953 aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a.

Florida A&M tana cikin makarantun da dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta ware a matsayin kwalejoji da jami'o'in baƙaƙen fata na tarihi, waɗanda ake taƙaita sunansu da HBCU. Sharaɗin shi ne a ce an kafa makarantar kafin 1964 kuma babbar manufarta ilimantar da baƙaƙen fatar Amurka. Akwai kimanin 100 irinsu, mafi yawa a kudancin ƙasar. A yau kowa yana iya shiga cikinsu ko da wane launi ne.

Laƙabin Rattlers ya fito ne daga sunan wani maciji mai dafi na nahiyar Amurka wanda wutsiyarsa take ƙara kamar caki. Launukan ƙungiyar su ne ruwan lemo da kore, kuma filin wasanta shi ne Bragg Memorial, wanda aka buɗe a 1957. Jami'ar ta kuma yi suna da ƙungiyar makaɗanta masu fareti da ake kira Marching 100, wadda William P. Foster ya jagoranta tun daga 1946. Kaɗe-kaɗensu na lokacin hutun rabin wasa wani babban abin jan 'yan kallo ne.

Zamanin Jake Gaither

Mutumin da ya fi kowa gina sunan ƙungiyar shi ne Alonzo Smith Gaither, wanda aka fi sani da Jake Gaither. Ya horar da Rattlers daga 1945 zuwa 1969, ya ci wasanni fiye da 200, ya sha kashi sau 36 kacal cikin shekara 25. Ya lashe gasar ƙungiyar makarantu ta SIAC sau 22. Daga hannunsa Willie Galimore ya fita zuwa Chicago Bears, Ken Riley zuwa Cincinnati Bengals, sai Bob Hayes wanda ya ci zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 kafin ya koma buga ƙwallo a Dallas Cowboys.

Duk da wannan ƙarfi, wariyar launin fata ta hana ƙungiyoyin Gaither karawa da manyan jami'o'in farar fata na jiharsu. Makarantun baƙaƙen fata da junansu suke wasa, kuma jaridun baƙaƙen fata, musamman Pittsburgh Courier, su ne suke zaɓen zakaransu na ƙasa a ƙarshen kaka. Sai a shekararsa ta ƙarshe, 1969, Gaither ya sami damar da ya daɗe yana nema, inda Florida A&M ta kara da Jami'ar Tampa ta farar fata, ta kuma doke ta da maki 34 da 28.

Buɗe ƙofofin jami'o'in farar fata

A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. An ɗauki shekaru kafin hukuncin ya kai ga filayen wasan kudu. Sai a 1967 baƙar fata na farko, Nate Northington na Jami'ar Kentucky, ya buga wasa a gasar SEC, babbar gasar jami'o'in kudu maso gabas. Jami'ar Florida ta fara sa baƙaƙen 'yan wasa a fili a 1970, Jami'ar Alabama kuma a 1971.

Wannan sauyi nasara ce ga masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, amma ya zo wa makarantun HBCU da asara. A da, yaro baƙar fata mai hazaƙa a Florida ko Georgia ko Mississippi ba shi da inda zai je a yankinsa sai makarantar baƙaƙen fata. Da ƙofofi suka buɗe, manyan jami'o'in jiha, waɗanda suka fi kuɗi da filaye da kayan horo, kuma ake nuna wasanninsu a talabijin, suka fara kwashe irin waɗannan yara. Florida A&M ta ji wannan a jikinta fiye da wasu, domin Jami'ar Jihar Florida tana cikin garin Tallahassee ɗaya da ita.

Bayan Gaither ya ajiye aiki, mutum uku suka horar da ƙungiyar cikin shekara huɗu: Pete Griffin a 1970, Clarence Montgomery a 1971, sai Jim Williams a 1972 da 1973. Babu wanda ya dawo da ita matsayinta na da. Tambayar da ake yi a lokacin ita ce ko ƙwallon makarantun baƙaƙen fata za ta iya ci gaba da tsayawa da ƙafarta bayan an daina wariya.

Zuwan Rudy Hubbard

A 1974 jami'ar ta ɗauko Rudy Hubbard daga jihar Ohio, yana ɗan ƙasa da shekara 30. Hubbard ya buga wasa a matsayin mai gudu da ƙwallo a Jami'ar Jihar Ohio ƙarƙashin Woody Hayes, sannan ya yi shekara shida yana mataimakinsa, daga 1968 zuwa 1973. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama mataimakin mai horarwa a ƙungiyar ƙwallon wannan jami'a. Hayes ya shahara da salon wasa na ƙarfi, wanda ya dogara da gudu da ƙwallo da kuma ƙaƙƙarfan sahun gaba maimakon yawan jifa. Da irin wannan salo Hubbard ya zo Tallahassee.

A kakarsa ta farko ya ci wasa 6, ya faɗi 5. A 1975 ya ci 9, ya faɗi 2. A 1976 ya ci 6, ya faɗi 3, ya yi canjaras 2. A 1977 kuma ƙungiyar ta ci dukkan wasanninta 11, aka ambace ta cikin zakarun makarantun baƙaƙen fata na ƙasa. Sai dai ba ta buga gasar neman kofin NCAA ta Rukuni na II ba a wannan shekara, don haka ta gama kaka ba tare da an gwada ta da zakarun sauran yankuna ba.

Sabon rukuni

Tun 1973 hukumar NCAA ta raba makarantu zuwa rukuni uku bisa girman shirinsu na wasanni da yawan tallafin karatu da suke ba 'yan wasa. A 1978 ta sake raba Rukuni na I gida biyu a fannin ƙwallon Amurka. Manyan jami'o'i masu manyan filaye da ɗimbin 'yan kallo suka zama I-A, masu bi musu suka zama I-AA.

Akwai wani bambanci mai muhimmanci tsakanin su biyun. A I-A ba a buga gasar fitar da zakara a wancan lokaci. Ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa ce take fitar da shi, kuma a 1978 ƙuri'un biyu sun rabu, ɗaya ta zaɓi Alabama, ɗaya ta zaɓi Jami'ar Kudancin California. A I-AA kuwa an tsara gasar sili-ɗaya-ƙwale, wadda duk wanda aka doke ya fita, ta yadda a fili za a san gwani.

Ƙungiyar makarantu ta SIAC, wadda Florida A&M take ciki, ta Rukuni na II ce. Jami'ar ta nemi NCAA ta ɗaga ta zuwa sabon rukunin, aka kuma amince mata a farkon kakar 1978. Saboda haka ta buga wannan kaka tana karawa da abokanta na SIAC kamar yadda ta saba, alhali tana neman gurbi a gasar I-AA.

Wasannin kaka

Rattlers sun fara kakar da nasara biyar a jere. Sun doke Albany State da maki 21 da 7, Delaware State da 37 da nema, Howard da 28 da 7, Maryland Eastern Shore da 45 da nema, sai Morris Brown da 56 da nema. Cikin waɗannan wasanni biyar maki 14 kawai aka ci su.

A wasa na shida, cikin watan Oktoba, suka haɗu da Jami'ar Jihar Tennessee wadda John Merritt yake horarwa, ɗaya daga cikin manyan masu horarwa na makarantun baƙaƙen fata. Tennessee ta yi nasara da maki 24 da 21. Wannan ne ya katse jerin nasarorin da Florida A&M ta ɗauko tun kakar da ta gabata, kuma shi kaɗai ne faɗuwarta a shekarar. Da yake ƙungiyoyi huɗu kacal za a ɗauka a gasar I-AA, faɗuwa ta biyu tana iya rufe mata ƙofa.

Ƙungiyar ta farfaɗo ta doke Tuskegee da Alabama A&M, ta ɗauki kambun SIAC. Wasanta da Jami'ar Southern ta jihar Louisiana ya yi zafi, ta tsira da maki 16 da 12.

Wasanni biyu na ƙarshen kaka suna da nasu tarihi. Na farko shi ne karawa da Kwalejin Bethune-Cookman ta garin Daytona Beach, makarantar da Mary McLeod Bethune ta assasa a 1904, kuma babbar abokiyar hamayyar Florida A&M a jihar. A 1978 aka mai da wannan karawa babban biki na shekara-shekara mai suna Florida Classic a birnin Tampa, kuma Florida A&M ta ci na farkon da maki 27 da 17. Tun 1997 a birnin Orlando ake buga shi.

Na biyu shi ne Orange Blossom Classic, wasan ƙarshen kaka da jami'ar ta fara shiryawa a 1933, inda take gayyato wata ƙaƙƙarfar makarantar baƙaƙen fata. Daga 1947 a birnin Miami ake yinsa, kuma shekaru da dama ana ɗaukarsa tamkar wasan fitar da zakaran makarantun baƙaƙen fata. A 1978 baƙuwar ita ce Grambling ta Eddie Robinson, wanda daga baya ya ci wasanni fiye da 400 a rayuwarsa ta horarwa. Florida A&M ta doke ta da maki 31 da 7. 

Wasan kusa da na ƙarshe

An ware gurbi ɗaya ga gabas, ɗaya ga kudu, ɗaya ga yamma, sai gurbi na huɗu da aka bar wa ƙungiyar da ta fi cancanta a cikin sauran. Massachusetts ta wakilci gabas, Jackson State ta wakilci kudu, Jami'ar Nevada ta garin Reno ta wakilci yamma, Florida A&M kuma ta sami gurbi na huɗu. Ke nan biyu daga cikin ƙungiyoyi huɗun na makarantun baƙaƙen fata ne.

Ranar 9 ga Disamba, Rattlers suka je birnin Jackson na jihar Mississippi suka kara da Jackson State a gidanta. Mai horar da ita shi ne W. C. Gorden, kuma ita ma ƙungiya ce mai dogaro da gudu da ƙwallo, da Perry Harrington a cikin manyan masu gudunta. An buga wasan cikin sanyi, masu tsaron gida na ɓangarorin biyu suka fi rinjaye, Florida A&M ta fita da maki 15 da 10.

A ɗaya wasan, Nevada ta shiga fili da nasara 11 ba faɗuwa, ana ganin ita ce za ta ɗauki kofi. Massachusetts ta bi ta har gida ta doke ta da maki 44 da 21.

Wasan ƙarshe

An buga wasan ƙarshe a filin Memorial na Wichita Falls a ƙarƙashin sunan Pioneer Bowl, filin da ya karɓi wasan ƙarshe na Rukuni na II a 1976 da 1977. 'Yan kallo sun haura 13,000, kuma gidan talabijin na ABC ya nuna wasan. Massachusetts, wadda take garin Amherst a arewa maso gabashin ƙasar, ita ce zakarar gasar Yankee, kuma Bob Pickett yana shekararsa ta farko a matsayin mai horar da ita.

Iska mai ƙarfi ta kaɗa a filin daga farko har ƙarshe. Irin wannan iska tana karkatar da ƙwallon da aka jefa ko aka buga, don haka ɓangaren da ke fuskantarta yana shan wahala, kuma da yake ana sauya gida bayan kowane kashi, wahalar tana zagayawa tsakanin ƙungiyoyin biyu. Florida A&M ta gwada jifa 'yan lokuta, amma ko ɗaya bai shiga hannun ɗan wasanta ba. Sai ta tsaya ga abin da ta fi ƙwarewa a kai, wato gudu da ƙwallo a bayan sahun gabanta.

Massachusetts ce ta fara shiga gaba da bugun sanduna biyu, maki 6 da nema. Florida A&M ta rama da babban ci biyu, aka tafi hutu tana da 14 da 6. Bayan hutu Massachusetts ta dawo ta wuce gaba da maki ɗaya, 15 da 14. Florida A&M ta sake karɓe ragama, Massachusetts ta sake ƙwacewa da 22 da 21. A kashi na ƙarshe Rattlers suka ci babban ci biyu a jere, maki ya zama 35 da 22. Massachusetts ta ƙara shida dab da tashi, aka tashi 35 da 28.

Florida A&M ta tara yadi 470 ta hanyar gudu kawai. Mike Solomon ya yi yadi 207 da babban ci uku, Melvin McFayden ya yi yadi 177, jagoran hari Albert Chester kuma ya shiga gida sau biyu da ƙafarsa. Abu ne da ba a saba gani ba ƙungiya ta ci maki 35 ta ɗauki kofin ƙasa ba tare da jifa ko ɗaya ya yi nasara ba.

Fitattun 'yan wasa

Albert Chester ne ya jagoranci hari a kakar 1977 da ta 1978. A salon Hubbard, jagoran hari yakan yanke shawara cikin ƙiftawar ido ko ya miƙa ƙwallo, ko ya ruga da ita da kansa, ko ya jefa wa na gefensa, gwargwadon yadda masu tsaron gida suka motsa.

Tyrone McGriff shi ne ginshiƙin sahun gaba, masu ture abokan hamayya su buɗe wa mai gudu hanya. Irin wannan aiki ba ya bayyana a lissafin maki, amma yadi 470 na wasan ƙarshe ba su samuwa sai da shi. A zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL a 1980, shi ne na ƙarshe da aka zaɓa, na 333, inda Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi, ya kuma buga mata kaka uku. A 1996 aka shigar da shi zauren karramawa na ƙwallon jami'o'in Amurka. Ya rasu a shekarar 2000.

Abin da ya biyo baya

Ranar 6 ga Oktoba 1979, Florida A&M ta kara da Jami'ar Miami ta Rukuni na I-A a Tallahassee, ta doke ta da maki 16 da 13. Mai horar da Miami a lokacin, Howard Schnellenberger, yana shekararsa ta farko, kuma shi ne ya kai ta ga zama zakarar ƙasa a 1983. Rattlers sun gama kakar 1979 da nasara 7 da faɗuwa 4, Jami'ar Eastern Kentucky ta ɗauki kofin I-AA na wannan shekara. Daga 1977 zuwa 1979 Florida A&M ta ci wasa 30, ta faɗi 5.

Bayan kakar kofin, jami'ar ta bar SIAC ta koma ƙungiyar makarantu ta MEAC. Hubbard ya ci gaba da horarwa har 1985, ya tafi da nasara 83, faɗuwa 48, canjaras 3. Ken Riley, tsohon ɗalibin Gaither, shi ya gaje shi. A 2021 aka shigar da Hubbard zauren karramawa na ƙwallon jami'o'i, shekara 43 bayan ya ɗauki kofin.

Gasar I-AA ta yi ta faɗaɗa: ƙungiyoyi 8 a 1981, 12 a 1982, 16 a 1986, 20 a 2010, sannan 24 a 2013. A 2006 aka sauya sunan rukunin zuwa FCS, shi kuma I-A ya zama FBS. Massachusetts ta sami nata kofin a 1998. Florida A&M ta sake kai wa wasan kusa da na ƙarshe a 1999 ƙarƙashin Billy Joe, amma Youngstown State ta fitar da ita.

Matsayin kakar a tarihi

Tun daga 1978 babu wata makarantar HBCU da ta sake kai wa wasan ƙarshe na wannan rukuni. Dalilai da dama sun haɗu a kan haka. Tazarar kuɗi tsakanin waɗannan makarantu da manyan jami'o'in jiha ta ƙaru, musamman bayan kuɗin talabijin ya zama babbar hanyar samun shiga a ƙwallon jami'o'i. Ɗaukar 'yan wasa baƙaƙen fata, wanda a farkon shekarun 1970 kaɗan-kaɗan manyan jami'o'in kudu suke yi, ya zama ruwan dare. Faɗaɗa gasar kuma ya sa sai ƙungiya ta ci wasa huɗu ko biyar a jere kafin ta ɗauki kofi, maimakon biyu kamar a 1978, abin da ke buƙatar 'yan wasa masu yawa da za su maye gurbin waɗanda suka ji rauni.

Akwai kuma zaɓin da makarantun suka yi da kansu. Manyan wasannin gargajiya na makarantun baƙaƙen fata, irin su Florida Classic da Bayou Classic na Grambling da Southern a birnin New Orleans, suna tara 'yan kallo da kuɗi fiye da wasannin gasar FCS, kuma wasunsu suna faɗowa a lokacin da ake fara gasar. Daga 2015 zakarun MEAC da SWAC suna haɗuwa ne a wasan Celebration Bowl a birnin Atlanta maimakon shiga gasar FCS. Florida A&M ta koma SWAC a 2021, kuma a 2023, ƙarƙashin Willie Simmons, ta ci Celebration Bowl bayan ta doke Howard da maki 30 da 26.

Kakar 1978 ta zo ne shekara tara bayan wasan Tampa da Gaither ya yi ta fafutukar a buga, a daidai lokacin da ake shakkar makomar ƙwallon makarantun baƙaƙen fata. A cikin mako uku na Disamba, Florida A&M ta doke Grambling, ta doke Jackson State, sannan ta doke babbar jami'ar jiha daga arewa a gasar da aka buɗe wa kowa. Jami'ar tana ƙidaya kofin a matsayin babbar nasararta a fagen wasanni, kuma mutum biyu daga wannan ƙungiya, Hubbard da McGriff, suna zauren karramawa na ƙasa tare da Jake Gaither.